Simintin da Ya Saki

A bencin jiran likita, wani magini ya zauna kusa da wata dattijuwa.

"Kai ne ba lafiya?" in ji ta.

"Mai ɗakina ce, Inna. Kansar fankiriyas, can bayan tumbi. Likita ya ce akwai wani furotin kamar siminti da ke riƙe ƙwayoyin jiki. Nata ya saki, ciwon ya ɓalle har hanta."

"Ba ya gyaruwa?"

"Na ce a yi mata faci kamar bango. Likita ya ce an makara."

"Sannu. Tun yaushe?"

"Wata bakwai tana kukan ciwon baya, ina cewa wanki ne. Shekara talatin ina hango tsagar bango daga tsallaken titi, Inna. Ta cikin ɗakina ban gani ba."