Maganar da Na Ɗora wa Mai Kunne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ku yi mini afuwa, na tsayar da ku a bakin gareji da hantsi, wasu sun rufe shago, wasu sun bar mota a kan jak. Wanda kuma takardar nan ta iske shi a gida, ya gafarce ni da na ɗora masa karatu. Muryata ba ta zuwa nesa, sai ku ɗan matso.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban makanikan layin nan da dattawansa. Shugabar masu sayar da kayan gyara, wadda ta nace ni zan yi magana a madadinmu. Masu motoci da kuka zo daga nesa. Innarmu, Allah ya ba ki juriya. Maman yara, matar ƙanena, da 'ya'yansa huɗu. Ina gaishe ku, kowa da girmansa.

Rasuwar Mai Kunne ce ta tara mu. Ni ce yayarsa, ciki ɗaya, shekara uku na ba shi. Shagona shi ne mai koriyar ƙofa a jikin garejinsa, inda ake sayen fulogi da baƙin mai. Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakaninmu.

Ya kasance ba ya buɗe bonet sai ya saurari ƙarar injin. Mai mota na ta zuba bayani, shi kuwa ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya yi shiru. Daga nan muka raɗa masa sunan, har Inna ma ta koma kiransa da shi.

Ya kasance shi ne ya fara sanin kan motoci masu turbo a layin nan, wato waɗanda aka sa wa injinsu wata 'yar fanka mai cusa iska, tana juyawa cikin zafin da ke sa ƙarfe ya yi ja. Da suka fara shigowa, dukanmu tsoronsu muke yi. Shi ya zauna da su har ya gane halinsu, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Duk bakaniken da ke taɓa turbo a nan, ya san wanda ya nuna masa.

Ya kasance mai kafiya a kan abu biyu. Na farko, juye. A wurinsa mota mai turbo ba ta wuce kilomita dubu biyar ba a juye mata mai ba, a sa mai kyau, a canza matacinsa. Mun ga ranar da wani Alhaji ya zo da littafin motarsa yana nuna masa da yatsa.

“Ga shi nan, dubu goma suka rubuta. Kai ka fi waɗanda suka ƙera ta sani ne?”

Mai Kunne ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa, ya shinshina. “Alhaji, waɗanda suka rubuta ba su taɓa shan cunkoson hanyar gidanka ba. Wannan ai ba mai ba ne, kwalta ce. Titi za ka shimfiɗa mana?”

Na biyu, fulogi. Ba ya yarda da maganar in ya shiga ramin ya ɗauru, shi ke nan. Sai mai siririn baki, mai jure zafi, lambar da injin yake so, kuma sai ya auna tazarar bakin da kansa. Ya kan ce wa direbobi in sun sha gudu kada su kashe mota nan take, su bar ta ta huce minti ɗaya. Motar ɗaukar marasa lafiya ta asibitin bayanmu ba ta taɓa kwana a garejinsa ba. Ko me yake yi, ajiyewa yake.

Zuwa nan da bakin layin nan na yi magana. Abin da ya rage nawa ne, kuma Shugaba ba ta san zan faɗe shi ba.

Jama'a, na yi kishin ƙanena. Ba na kwana ɗaya ba. Babanmu bakanike ne, kuma ni na riga yaron nan jin inji. Ina shekara tara, zaune a kan taya da allona, na ce wa Baba fulogi ɗaya ba ya ci a motar da yake gyara. Ya duba, ya tarar haka ne. Ya yi dariya ya ce, “Kai, da ke namiji ce!” Sannan ya miƙa wa ƙanena sifana. Inna, kina wurin, kin shafa mini kai. Ban manta ba.

Na san hukuncin hassada tun ina ƙarama, kuma na yi ta neman tsari. Amma mutum zai shigo shagona, in faɗa masa fulogin da ya dace, ya ce, “To Hajiya, bari in tambayi Mai Kunne.” Ya fita, ya dawo, ya sayi wanda na faɗa. Yau ma da na shigo, sai da na tsinci kaina ina ƙirga kujeru, ina tambayar zuciyata nawa za a jera ranar tawa. Allah ya yafe mini.

Ni a ganina ya cika tsanani. Shekara da shekaru muna musu ta ƙofar baya. In ce littafi ya ce dubu goma, ya ce, “Yaya, ke da littafi. Zo ki shinshina.”

Da ciwo ya kwantar da shi wata tara da suka wuce, sai masu motoci suka koma shagona. Ba shawarata suke nema ba, aike suke ba ni. “Hajiya, in kin je dubiya ki tambayar mana shi.” Ban tambaye shi ba. Na ce musu dubu goma ta isa, kuma fulogi na gama-gari ma yana yi. Da suka yi jim, sai na ƙara da cewa, “Haka ya ce.” Masu motoci shida na faɗa wa haka. So nake motocin su yi lafiya, in ya warke in ce masa, ka gani?

Ungozoma, ga ki can a layi na biyu, kin sunkuyar da kai. Ɗago, ba ke za ki ji kunya ba. A cikin shidan nan, motarki ta fi kowacce tafiya. Mai ya ƙone ya toshe bututun turbo, ta turnuƙe da hayaƙi ta tsaya miki a hanya, mai naƙuda na jiranki. Kika zo nan ranki a ɓace, kika ce ciwo ya taɓa wa Mai Kunne hankali, ya fara kashe wa mutane mota. Maganar ta zaga layin nan. Wasu da ke zaune a nan sun maimaita ta, ni kuma ina cikin shago ina ji, ina goge kanta.

Maganar ta kai masa har gado. Ina zaune, Maman yara na gyara masa matashi. Ya tambaya kilomita nawa man motar ya yi, wane fulogi aka sa. Aka faɗa masa. Ya dube ni. Shi da ke gane inji daga tsallaken titi, ai ba zan ɓace masa ba. Sai ya ce wa matarsa, “A ce mata ta yi haƙuri, kuskurena ne.”

Da matarsa ta fita na buɗe baki, ya riga ni. “Yaya, bar shi. Ni na kusa tashi daga layin. Ke ce za ki zauna a cikinsa.”

Kun san abin da na ji? Da kunya, amma a ƙarƙashinta har da haushi. Na ce a raina, har a nan ma sai da ya fi ni.

Maman yara, kin kai wa Ungozoma saƙon nan da ƙafarki, kina kuka, kin ɗauka gaskiya ne. Ki yafe mini. 'Ya'yana, ku ɗaga kai. Hankalin babanku bai taɓa gushewa ba, bai taɓa cewa dubu goma ba, ko sau ɗaya. Gwaggonku ce ta faɗa. Ya ce in bar shi, kuma wannan ce maganarsa ta ƙarshe da zan saɓa.

Mun gode wa duk wanda ya zo, da wanda ya aiko. Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya haskaka shi. Allah ya raya abin da ya bari, ya wanke zukatanmu, tawa a gaba. Amin.

Saura motoci biyar suna yawo da maganata a cikinsu. Ta shugaban makaranta, ta mai kemis, biyu na gidan mai ɗinki. Ta biyar ruwan toka ce, mai kujerar jariri a baya, mai ita sau ɗaya ya zo kuma ban san inda yake ba. Shugaban makanikai, ina roƙon ka ba ni hannu, mai da fulogi suna shagona. Duk wanda takardar nan ta isa gare shi, in motarsa ce ko ya san mai ita, don Allah ya ajiye ta, ya aiko mini da amsa cikin satin nan.