Ranar da Na Kusa Hura Bakin Bindiga

Shugaban wannan ƙungiya tamu ta 'yan Arewa mazauna Greensboro a nan Amurka, Alhaji Sanda. Shugabar mata, Hajiya Bebi. Limaminmu, Malam Yahya. Fasto Seth, wanda ya ba mu aron wannan zaure. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. 'Yan'uwa da suka taso daga aiki a titin Wendover, ko kayan aikin ba su cire ba. Da 'ya'yanmu da ke can baya, waɗanda muke yi wa Hausa su amsa mana da Turanci: assalamu alaikum, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga matan da suka dafa masa da miyar taushe, waɗanda ƙanshin girkinsu zai tilasta mini taƙaita magana ko ban so ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Choji, mutumin Filato, mijin Lucia, baban Prisca. Shugaba ya ce in yi magana saboda tambaya ɗaya da ta yawaita a tsakaninmu tun da muka fara fita bayan gari muna sayen gidaje masu fili. Tambayar ita ce: wanda abin hannunsa ba zai ɗauki biyu a lokaci guda ba, bindiga zai fara saya, ko horo zai fara nema? Ni ba soja ba ne, ba lauya ba ne. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne na yi wauta a bainar jama'a, Allah kuma ya bar ni da rai in ba da labari.

Magana ta farko, yadda abin ya faro. Shekaru uku ke nan da muka koma Summerfield, can bayan gari. Da na ga fili a bayan gida, sai jinin ƙauye ya motsa, na sayi awaki bakwai da kaji. Ba a yi wata biyu ba karen dajin nan da suke kira kayoti, ɗan'uwan dila, ya gano ni. Ya ɗauke kaji, na yi haƙuri. Ya ɗauke 'yar akuya, na yi haƙuri. Ranar da na fito da safe na tarar ya kashe uwar garken, haƙurina ya ƙare. Na tafi shago, na ga wata bindiga mai sauƙi, irin wadda suke kira semi-otomatik, wato wadda ke ɗura wa kanta sabon harsashi da zarar ka harba na farko. Ba ta da ado, ba ta da tsada ƙwarai, kuma abin da na tanada zai saye ta daidai.

Na dawo gida ina murna, na gaya wa Maman Prisca. Ta ajiye cokali, ta dube ni, ta ce, "Baban Prisca, ranar da bindiga ta shigo ta ƙofar gaba, ni ta ƙofar baya zan fita, in koma wurin ƙanwata."

Jama'a, ba wasa take yi ba, kuma ba ta yi laifi ba. Bindiga ce ta raba ta da yayanta a rikicin da ya ci ƙauyensu. Na san a zauren nan, Musulmi da Kirista, da wuya a sami wanda bai binne wani nasa ba saboda irin wannan. Shekara ashirin da shida muna tare da matar nan, ba ta taɓa ambaton fita daga gidana ba sai a ranar. Gaskiya na ji tsoro, amma girman kai ya hana ni nunawa.

Na ce mata, "Kin manta ɗan wa kike aure? Ubana maharbi ne. Tun ina ɗan shekara goma nake ɗaukar masa bindigar toka. Ni za a koya wa bindiga?"

Ta ce, "To, je ka nuna wa masu koyarwar. In sun ce ka iya, sai mu sake magana. Amma ni ma zan je in gani da idona."

Haka kuɗin bindiga ya koma kuɗin makaranta, ina gunaguni har muka isa.

Magana ta biyu, abin da ya faru a filin koyon harbi. Malaminmu yana nan zaune, ga shi can kusa da taga: Abdoul Razak, mutumin Nijar, wanda ya yi aikin soja a ƙasar nan, yanzu kuma yake koyarwa da lasisinsa. Asabar ta farko ko bindiga bai bari mun taɓa ba, sai ƙa'idoji. Ka ɗauka kowace bindiga a ɗure take. Kada bakinta ya dubi abin da ba ka yi niyyar harbi ba. Kada yatsanka ya hau kunama sai ka shirya. Ka san abin da kake hari, ka san abin da ke bayansa. Ina zaune ina gyaɗa kai, a raina ina cewa wannan duk karatun yara ne.

Asabar ta biyu ya ba ni bindiga, irin wadda na so saya sak. Maman Prisca tana bayanmu a kan benci, ta toshe kunnuwa. Na saita, na harba, na sami tsakiyar takarda. Daɗi ya kama ni, bakina har kunne.

To, waɗanda suka tashi a ƙauye sun san al'adar maharbanmu na da. Bindigar toka, idan ta yi magana sau ɗaya, ta gama, ba ta da wani abin faɗa sai an sake ɗura ta. Maharbi yakan dire gindinta a ƙasa, ya kai bakinta bakinsa, ya hura, don ya kashe sauran tartsatsi kafin ya zuba sabon albarushi. Haka na ga ubana yana yi, haka ya koya mini, haka na yi sau ɗari ko fiye. Shekara arba'in rabona da bindigar toka, kaina ya manta, amma hannuna bai manta ba. Ban yi tunani ba, ban yi shawara ba, sai kawai na ga bakin bindiga yana tahowa fuskata, ni kuma na tara iska a kumatu.

Hannun Abdoul Razak ya riga ni. Ya damƙe ta, ya mai da bakinta gaba, ya ce, "Dusuma, Baba Choji, dusuma," wato a hankali, da Faransancinsu na Nijar. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Harsashi ɗaya tak na sa maka, haka nake wa kowa a harbin farko. Yanzu tsaya ka ga abin da zai faru da a gida kake."

Ya sa harsashi biyu a magazin, wato gidan harsashin da ake maƙala mata. Ya harba ɗaya. Ya zare magazin ya nuna mini, babu komai a ciki. Sannan ya ja ƙarfen bindigar baya, sai ga harsashi na biyu ya faɗo a kan tebur. Ashe tun kafin ƙarar farko ta bar kunnena ta riga ta ɗura kanta, tana jira. Na dubi harsashin nan, na nemi wuri na zauna. Da na sayi bindigar nan a ranar da na so, da a bayan gidana zan yi wannan hurin, ni kaɗai, babu hannun da zai riga ni.

Muka shiga mota, muka kama hanya. Na riga na sallama, na san an rufe maganar bindiga har abada, kuma na yarda na cancanci haka. Sai da muka kusa gida Maman Prisca ta ce, "Asabar mai zuwa ka rubuta sunana. Abin da nake tsoro tun ina budurwa, yau na ga mutum ya riƙe shi da hankali. Ina so in san yadda ake tabbatar da babu komai a cikinta. Kai kuma ba zan bar ka da hannun nan naka kai kaɗai ba."

Magana ta uku, kuma ita ce amsata ga tambayarku. Ku fara da horo. Bindiga tana nan a shago, ba inda za ta. Mai sauƙin ma ta ishi mai tsaron awaki, ba sai mai madubin hangen nesa ba. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, ya je ya koya. Wanda ya ce ya iya tun daga gida, shi ya fi kowa bukatar zuwa, domin abin da ya iya na wata bindiga ce dabam. A aji ne na koyi tambayar abin da doka ta ce kafin in harba ko da sau ɗaya a filina, a aji ne aka tuna mini cewa bayan shingena akwai dawakin maƙwabci da jikokinsa. Wanda kuma ya gama horo ya ga bai bukatar bindiga, bai yi asara ba.

Kuna so ku ji ƙarshen kayoti? Abdoul Razak ne ya ce in ƙara tsawon shinge, in sayi jaki, wai manoman nan da jaki suke tsaron garke. Ni da na ƙetare teku don in huta da jaki, ga ni a Amurka ina saya masa ciyawa. Tun da jakin nan ya zo ban rasa ko kaza ɗaya ba, kuma awakina sun kai goma sha ɗaya.

Bindigar kuwa mun saye ta bayan wata takwas, mu biyu muka je. Ta shigo ta ƙofar gaba, kuma babu wanda ya fita ta ƙofar baya. Tana kulle a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri dabam, ba ta fita sai za mu filin koyo. A can ma, tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, Maman Prisca ta fi ni saiti. Makullin akwatin yana wuyanta, a sarƙa ɗaya da gicciyen da yayanta ya bar mata. Ni ɗan maharbi, sai na nemi izini.

Allah ya tsare gidajenmu, ya tsare hannuwanmu daga abin da suka saba ba da saninmu ba. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu ta haihuwa lafiya, ya zaunar da wannan da ta karɓe mu lafiya. Allah ya sa mu tsufa, bindigoginmu su tsufa a kulle, ba mu taɓa nuna su ga ɗan Adam ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.