Amsar da Ta Kusa Raba Mu da Bilimon

Shugaban taro Fasto Jorlang, dattawan coci, iyayenmu mata da ke kan tukwane tun safe, abokan aikina na masana'antar kaji, da duk 'yan tsibiran Marshall mazauna Springdale a nan Amurka, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Na gode muku da kuka haɗa hannu kuka ɗauko wa yayana Bilimon lauya. Ban yi nisa a karatu ba, amma na daɗe zaune a bencin kotu ina kallo, kuma abu biyu na gani.

Na farko, caki ba alkawari ba ne irin namu. Da 'yarsa ta cika shekara, Bilimon ya sayo shinkafa da kajin biki, ya biya da caki, a ransa albashi zai riga takardar isa banki. Takardar ta riga, ta tarar ba kuɗi a asusun. A can gida Majuro sai mai kanti ya ce, "Kawo ranar Juma'a." A nan zamba suka kira abin, suka kai shi kotu.

Na biyu ya fi nauyi. An tarbiyyantar da mu ba ma musa wa babba. Alƙali mai furfura ya ce, "Ka amsa laifinka?" Yayana ya sunkuyar da kai ya ce e, don ladabi, don ya koma aiki. Ba wanda ya gaya masa cewa wannan amsa na iya sa a kore shi zuwa tsibiranmu, ya bar mata da 'ya a nan, sai da jami'an shige da fice suka tsare shi.

Da na kai masa ziyara na ce, "Yaya, me ya kai ka?" Ya ce, "To tsoho na tambaya, in yi masa gardama?" Matarsa Neimako da muka je tare ta ce, "Ni kullum gardama kake min, ranar ce ladabi ya zo maka!"

Lauya ta nuna ba a faɗakar da shi ba, aka janye amsar, ya biya mai kanti, aka rufe shari'ar.

Don haka, 'yan uwa, ku girmama alƙali, ku miƙe in ya shigo, ku sassauta murya. Amma kafin ku ce e, ku ce, "Ranka ya daɗe, sai na ga lauya." Wannan ma ladabi ne.

Allah ya tsare mazauna nan da na gida, ya raya yaranmu a gaban iyayensu. Ga Bilimon can yana raba shinkafa, 'yarsa na riƙe da ƙafarsa. Ku ci hankali kwance, wannan karon hannu da hannu aka biya, ba caki.

Na gode.