Injin Wanki da Bakin Gulbi

A tashar Gwandu, ana jiran motar Kalgo, wani ɗan kasuwa, Siddiƙu, ya ja wata tsohuwa da hira.

"Inna, na ga abin mamaki a Ikko. Injin wanki! Ƙofarsa a gaba take, da gilashi, kana kallon riguna suna ta ƙundumbala. Wallahi ranar da lantarki ya iso Kalgo sai na saya wa uwargidana, ta huta da zuwa gulbi."

"Madalla. Ita uwargidan taka, a ina ka fara ganinta?"

Siddiƙu ya yi murmushi. "Bakin gulbi. Ruwa ya tafi da zanen da take wankewa, ni kuwa na faɗa da rigata na kamo shi. Ban ma iya iyo ba, Inna! Ita ta jawo ni waje."

Tsohuwa ta yi dariya har da tafa hannu. "Kuna da ɗiya mata?"

"Uku, duk sun tasa."

"To saya, ɗana. Sai dai ka tambayi masu kantin: in zane ya faɗa cikin injin nan, ta wace ƙofa saurayi zai shiga ya kamo shi?"