A Dawo da Fasfon Imurana Kafin La'asar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro, Alhaji Sidiki, sakataren ƙungiya, ƙanena Wumpini, malamanmu da fastocinmu da suka amsa gayyata, dattawan sana'a, waɗanda muka fara ta tare tun zamanin tafireta da takardar kabon, matasa masu shagunan intanet da foto-kwafi, na Tishigu, da na Sakasaka, da na bakin babbar kasuwa, 'yan'uwana mata, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa taron shekara na Ƙungiyar Masu Shagunan Buga Takardu ta Tamale.

Na gode wa shugabanni da suka sa sunana cikin masu magana. Na gode wa matan da suka dafa waken da za mu ci. An ba ni minti goma in yi bayani kan tsadar takarda da tawada. Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan yi ba. Tawada za ta jira.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Rakiyatu. Shekara talatin da huɗu ke nan ina buga wa mutanen garin nan takardu. Na fara da tebur ɗaya da benci ɗaya a gindin bishiya, yau ina da shago mai kwamfuta huɗu. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a da fushi irin na yau ba, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Maganar Imurana ce, ɗan Mma Ashetu mai koko a Tishigu, telan da ya ɗinka wa yaran yawancinku kayan makaranta. Ba asiri nake tonawa ba. An riga an tona shi, kuma a cikinku babu wanda wayarsa ba ta karɓi rabonta ba. Imurana yana da wanda yake so, namiji, sunansa Kwadwo, ma'aikacin jinya ne da ya yi aiki a garin nan kafin ya tafi ƙasar waje shekara uku da suka wuce. A ƙasar da yake, doka ta yarda maza biyu su yi aure. Suka shirya Imurana ya nemi biza ya bi shi. Na ji gunagunin can baya. Ku yi, ku gama, zan zo kansa.

Abu na farko, ku da ba 'yan sana'a ba, ku san yadda irin wannan aiki yake. A ƙasashen da ke ba da wannan biza, hanyoyin da muka saba gani uku ne. Akwai ta masu niyyar aure, mutum ya shiga a ɗaura a can cikin wa'adin da aka ba shi. Akwai ta waɗanda suka riga suka yi aure. Akwai ta waɗanda suka daɗe tare ba tare da takardar aure ba. Kowacce ka bi, abu ɗaya ofishin jakadanci zai ce maka: kawo hujja. Kawo hotunanku tare, kawo saƙonnin da kuka yi wa juna, kawo wasiƙar da ta faɗi inda kuka haɗu da yadda aka yi. Wato abin da mutum ya ɓoye wa duniya, shi za a ce ya zuba a ambulan. Kuma tela ba shi da injin sikanin a ɗakinsa. Dole ya zo wurinmu. Dole ya miƙa mana, ya tsaya yana kallo muna juya shafi bayan shafi. Mace mai bin miji haka take yi, namiji mai bin mata haka yake yi, Imurana ma haka ya yi.

Abu na biyu, abin da aka yi masa. Ran Litinin, mako biyu da suka wuce, ya kai ambulan ɗinsa shagon Zubeiru a Sakasaka. Ya tsallake shaguna goma na unguwarsu don kada a san shi. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta. Zubeiru ya ce masa, "Bar su, ka dawo bayan Azahar." Dukkanmu muna faɗin haka, kullum ta Allah, kuma mutane suna bari, domin sun ɗauka hannun da suka bar wa hannun amana ne. Kafin Azahar, hotuna bakwai da wasiƙa guda suna yawo daga waya zuwa waya a guruf ɗin unguwa. Kafin La'asar, mutane sun taru a ƙofar shagon ɗinkinsa. An farfasa kekunan ɗinki biyu. An karya masa hannun dama, hannun da yake riƙe almakashi. Wani mai yalo-yalo ne, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku, Allah ya saka masa, ya kutsa cikin taron ya ja shi ya gudu da shi.

Ita kuwa Mma Ashetu, wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, kwana uku tana dama koko tana mayar da shi gida ba a taɓa ba. Na je na same ta zaune gaban tukunya. Ta ce mini, "Rakiyatu, shekara ashirin suna shan kokon nan, yau kuma me ya shiga cikinsa?" Na sayi kofi biyu na sha a tsaye, a bakin titi, don masu leƙe su gani da kyau.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Fasfon Imurana, da takardar haihuwarsa, har yau suna cikin durowar Zubeiru. Na aika sau biyu, na je da ƙafata sau ɗaya. Amsarsa ita ce, "Hajiya, sai ya zo da kansa ya karɓa." Da kansa! Zubeiru, ka san su wa ke zaune a benci gaban shagonka tun ranar, ka san abin da suke jira. An ba wa yaron nan rana a Ankara, babban birnin ƙasarmu, don a ɗauki zanen yatsunsa. Ba zan faɗi ranar ba, ba zan faɗi inda yake ba, ba zan faɗi hanyar da zai bi ba, domin na ga abin da ake yi da labari a garin nan. Abin da zan faɗa shi ne, in fasfon bai shigo hannuna yau ba, ranar ta wuce shi. In ta wuce shi, zai ci gaba da zama a ɓoye da karyayyen hannu, a garin da ba zai iya fita sayen burodi ba.

Abu na uku, masu gunaguni. Kuna cewa, Hajiya, kina kare abin da addini ya hana. Ku saurare ni. Ni ba malama ba ce, ban zo ba da fatawa ba, ga malamai nan zaune. Ba zan yi muku ƙarya in ce na fahimci rayuwar Imurana ba, kuma shi ma bai nemi in fahimta ba. Amma a makarantar da na yi, an koya mini cewa wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa. An koya mini cewa amana ana mayar da ita ga mai ita, ko wane ne shi. Ban ga inda aka ce banda tela ba. Ban ga inda aka naɗa mai foto-kwafi alƙali ba. In kana ganin aiki ya saɓa wa zuciyarka, akwai hanya, kuma ni kaina na bi ta ba sau ɗaya ba: ka rufe ambulan, ka miƙa wa mai shi, ka ce, ɗan'uwa, nemi wani shagon. Shi ke nan, ka fita da addininka, shi ma ya fita da hannunsa. Amma ka karɓa, ka yi masa murmushi, ka ce ya dawo bayan Azahar, sannan ka ɗaga waya ka ɗauki hoton takardunsa ka watsa? Wannan ba kishin addini ba ne. Cin amana ne, kuma ba shi da wani suna.

Ku dubi junanku. Me bai ratsa hannunmu ba? Sakamakon gwajin asibiti ya ratsa. Takardar saki ta ratsa. Wasiyya ta ratsa. Sakamakon jarrabawar ɗan babban mutum da ya faɗi warwas ya ratsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mu cikinmu shi ne jarinmu, ba injin ba. Tun da abin nan ya faru, mata biyu sun zo shagona, kowacce ta riƙe takardarta gam, ta ce sai dai ta ɗora a kan injin da hannunta. Ni, bayan shekara talatin da huɗu! Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma garin namu ne duka.

Zubeiru, ɗago kanka. Ni na sa hannu a takardar shigarka ƙungiyar nan, ni na ce wa Alhaji Sidiki, na san gidansu, yaron kirki ne. Saboda haka ina da bakin yi maka magana. Shekara ashirin da shida da suka wuce, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya zauna a kan bencina a gindin bishiya. Ya sa na buga masa wasiƙa, shafi biyu, yana faɗa ina bugawa, yana share ido da hularsa. Ina tuna ta kalma da kalma. Akwai sunanka a ciki.

Na ga waɗanda suka miƙe wuya, da waɗanda suka laluba aljihu neman waya. Ku mayar da su, kun yi asara. Ba zan faɗa ba. Ban faɗa wa mijina ba har ya rasu, kuma da ita za a binne ni. Amma Zubeiru, yadda gabanka ya faɗi yanzun nan, yadda zufa ta keto maka, ka riƙe shi da kyau. Kai daƙiƙa biyar ka yi a ciki. Imurana yau kwanansa goma sha uku.

Ga abin da nake nema. Sakatare, rubuta. A sa a dokar ƙungiya cewa duk aikin da aka gama, a goge shi daga kwamfuta a gaban mai shi. In an ɗauke wuta, mutum ya tafi da takardunsa, kada wani ya sake cewa bar su. Wanda kuwa ya fitar da takardar wani, a cire allon ƙungiya daga ƙofar shagonsa, kowa ya san irin wurin da yake shiga. Waɗannan ku tattauna, ku kaɗa ƙuri'a, ku gyara abin da kuka ga dama.

Na ƙarshen ba na ƙuri'a ba ne. Daga nan zuwa Sakasaka minti goma ne a mashin. Wumpini, makullinka na hannunka, kai za ka kai shi ka dawo da shi. Fasfon da takardar haihuwar su sauka a kan teburin nan, gaban shugaba, gaban malamai, kafin a kira La'asar. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, Zubeiru, ba ni ka karya ba. Ka kawo kawai.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka damƙa mana. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sanyaya zuciyar kowace uwa, ya zaunar da Tamale lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Alhaji, ka ba wa wani kujerata. Gwiwoyina sun tsufa, kowa ya sani, amma a nan zan tsaya, kusa da teburin nan, har sai na ga fasfon a kansa.

Na gode.