Bulon Mama Susanna a Bakin Murhu

Wa ya san da wane itace aka dafa shinkafar da za mu ci yau?

Ku riƙe tambayar, zan dawo kanta. Rabaran, dattawan ikilisiya, Mai Unguwa, Alhaji Jafaru da 'yan katakon da suka taso daga Sabon Gari, iyayenmu na Zumuntar Mata, Yaya Rhoda da ƙannenki, ina gaishe ku. Sunana Sati, birkila ne ni. A aji uku na tsaya, sauran karatun a jaridar naɗe tsire na tsince shi. Yaya Rhoda ce ta ce in yi magana a madadinmu, mu da muka bi ta hannun mahaifiyarta, Mama Susanna, wadda ta riƙe ajin ƙananan yara na makarantar cocin nan ta Samaru shekara ashirin da shida, har Ubangiji ya kira ta watan jiya.

Ta kasance malamar da ba ta jin kunyar tsugunawa cikin garin katako. Duk Asabar sai ta shiga motar Sabon Gari da buhu, tana tsintar guntayen da aka zubar. Alhaji Jafaru ya ɗauka makamashi take nema. Ta ce masa, "Alhaji, littattafai nake tsinta." Ya yi dariya ya ce, "To Malama, Allah ya ba da ilimi." Daga baya shi da kansa yake yanka mata bisa awo, gajeru biyu su tashi dogo ɗaya. Ita kuma ta bi su da samfefa ɗaya bayan ɗaya, don kada sartse ya soki yaro. Bulon Mama muke ce musu. Mun san rabi da kwata a tafin hannu tun ba mu iya riƙe fensir ba.

Ta kasance mai zama a kan hannuwanta. Ba salon magana nake yi ba. In yaro yana gini ta ga zai rushe, sai ta tura hannuwan ƙarƙashin cinya ta danne, don kada su kai masa ɗauki. In ya rushe ta ce, "Me ya kayar da shi?" Shi ke nan, sai ta jira. Yau ina da yara a wurin aiki, minti ɗaya ba na iya yin abin da matar nan ta shekara ashirin da shida tana yi.

Ni har na kai shekara biyar ban yi magana ba, unguwa ta gama yanke cewa bebe ne. A ajinta na sa kaina ginin gada. Kwana uku tana faɗuwa. Ran na huɗu na gane dogon katako take so, shi kuwa yana hannun Kaltume, ga ta can zaune, yau lissafi take koyarwa. Na miƙa hannu, ta hana. Na dubi Mama, ta kau da kai. Sai na ji bakina ya ce, "Ba ni dogon." Mama ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Da ta juyo ta ce, "Kaltume, kin ji abin da injiniya ya ce."

Har yau abin yana ba ni tsoro. Yaya aka yi ta san maganar tana nan, dalilin fita kawai take jira?

Yaya Rhoda, ki share hawaye. Duk ginin da na ɗora a Palladan bai tsage ba, hannun mahaifiyarki yana ciki.

Yanzu tambayata. Da safe na zo kafa rumfa, na bi ta bakin murhu, na ciro wannan daga wuta. Ku duba da kyau. Dogon bulon Mama ne, rabinsa ya zama gawayi. Iyayenmu mata ba su da laifi, buhu biyu na bulon aka fito musu da su daga sito aka ce tarkace ne. Saura uku. Na kuma ji kwamitin makaranta yana so a jera benci a ɗakinta, 'yan shekara uku su zauna suna maimaita abin da ke allo.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Ubangiji ya ba baiwarsa Susanna hutu, ya ta'azantar da gidanta, ya koya mana danne hannuwanmu. Amin.

Baba Othniel, ku ne shugaban kwamiti, makullin sito yana aljihunku. Na san ni yaro ne, ku yafe min kaifin baki. Amma yara talatin da ɗaya za su zo ran Litinin. Za su tarar da buhu ukun nan a ƙasan ɗakinta, ko su ma murhu suke jira? Ku tashi ku faɗa mana a nan, gaban Rabaran da 'ya'yanta. Ga makirfo. A riƙe shinkafar tukuna.