Wanda Ya Yanke Wayar Jar Mota a Maigatari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa, wanda ya tara mu yau a ƙofar gidansa. Allah ya gafarta Malam Liman da malaman da ke zaune tare da shi. Dagatai da masu unguwanni, na nan Maigatari da waɗanda suka taso daga Gagarawa da Sule Tankarkar. Arɗo Hamma da jama'ar ruga. Sarkin Kasuwa da Sarkin Maƙera. Iyayenmu mata da ke can bayan zana suna saurare. Fataken Damagaram da kuka bar kayanku kuka tsaya. Jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Hakimi da ya ba ni izinin tsayuwa a gabansa, ina godiya ga Arɗo da ya hana mutanensa kwance bukkoki su ƙetare iyaka kafin a ji bakina, ina kuma godiya ga kowa da ya jure wannan rana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hussaini, mutumin Ɗanzomo ne ni. Ni ne direban Baturen nan mai sayen fatu da ƙiraga, wanda kuka sa wa suna Mai Gaggawa. Yana can bariki kwance da zazzaɓi, shi ya sa ya ce in yi magana da bakinsa da nawa. Maganar kuwa ta Manu ce, makiyayin da ke tsare tun ranar kasuwar da ta wuce, bisa zargin cewa shi ya lalata akwatin maganar da ke cikin jar mota.

Abu na farko, bari in faɗa muku mene ne wannan akwati, domin na ji abin da ake faɗa a rumfunan kasuwa. Motar kun gan ta: ja ce, kujera biyu, ba rufi, irin wadda ake tsere da ita a ƙasarsu. Bana maigidana ya sa aka ɗaura mata akwati a bayan kujera. Idan muka sauka a wani gari, sai in kafa doguwar gora, in ja waya ta jan ƙarfe daga kanta zuwa jikin motar. Wannan waya shi yake kiranta eriya, ita ce kunnen akwatin. Sai kuma in kafa turken ƙarfe a ƙasa, in ɗaura masa wata waya. Da magariba ya sa abin ji a kunnuwansa, ya ji kiɗa da maganar mutanen ƙasarsa, mutane masu rai, masu ci da sha kamar ni da ku. Akwatin yana ji, amma ba ya faɗa. Ba ya kai maganar Maigatari Damagaram, ba ya kai ta Kano, ba ya kai ta ko'ina.

Na ji an ce shi ya kori hadarin bana. To ku auna da kanku. Ranar da aka yi ruwa a Sule Tankarkar har aka fita shuka, muna garin, gorarmu a tsaye, akwatin yana ta kiɗa. A nan kuwa, tun da ya yi shiru, ko yayyafi an samu? Ruwa a hannun Allah yake, jama'a, ba a hannun gora ba.

Abu na biyu, yadda aka kai ga kama Manu. Ran nan maigidana ya sa abin ji, bai ji komai ba sai shuuu, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Ya murɗa nan, ya murɗa can, shiru. Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin zazzaɓin ya fara kama shi, kuma wannan akwati shi ne abokin hirarsa. Ya tara mu ya ce, "Wa ya taɓa motar?" Sai Barau, kukunsa, ya ce, "Na ga wani Bafillace a gindin gora da safe, da wuƙa a ƙugunsa." Kafin la'asar ta kashegari, shaidu sun cika zaure. Wannan ya ce ya ga Manu ya zare wuƙar, wancan ya ce ya ga yana yanka, wani ma ya ce ya ji shi yana tofa wa gorar wani abu. Da shaidu irin haka, dole a tsare mutum. Manu ya ce bijiminsa ne ya sosa jiki da gorar ta karkace, shi kuma ya miƙar da ita. Ba wanda ya saurare shi.

Abu na uku, abin da muka samu da muka bincika. Maigidana yana kwance a kan gadon zango a inuwa, yana faɗa mini abin da zan duba, ni kuma ina dubawa ina faɗa masa abin da na gani.

Muka fara da batir, domin shi ne abincin akwatin. Na gwada, yana da ƙarfinsa. Na buɗe murfi, ƙwayayen gilashin da ke ciki suna ja kamar garwashi, babu wadda ta mutu. Ya ce, "To ciki lafiya lau, fita waje."

Na je wurin turke. Ƙasar ta bushe ƙayau, turken yana lilo a cikin rairayi, tsatsa ta ci bakin wayar. Na kankare, na ƙara dasa shi, na sa aka kwarara masa tulun ruwa. Shuuu ɗin ya ragu, amma murya ba ta zo ba. Wannan laifin fari ne, ba na ɗan Adam ba.

Sai na sauke gorar, a gaban Sarkin Maƙera, ga shi nan zaune, in na ƙara ko na rage ya tsayar da ni. Muka bi wayar da yatsa tun daga sama har inda ta shiga jikin mota. Jama'a, babu yanka. Babu ko ƙwarzane. Wayar da aka rantse an ga Manu yana yankawa, lafiyarta ƙalau. Sarkin Maƙera ya dube ni, na dube shi, ya ce, "Hussaini, to me suka gani?"

Saura wuri guda, inda wayar ta bi ta ƙarƙashin kujera, a lulluɓe cikin baƙin roba. Sai an kwance kujerar ake kai gare ta. Na kwance, na bi robar ina matsawa, sai na ji wani wuri ya lotsa, ba ƙarfe a ciki. Na tsaga. An yanke wayar, an cire guntu kamar tsawon ɗan yatsa, an mayar da robar an haɗa bakinta yadda ido ba zai gane ba. Na miƙa wa Sarkin Maƙera bakin wayar. Ya juya ta a rana, ya ce, "Wannan ba wuƙa ba ce. Wuƙa goga take yi, ta bar zane. Wannan an datse ta ne gaba ɗaya, daga gefe biyu." Abin da ke datsa haka kuwa filaya ce, filayar kuma tana cikin akwatin kayan aikin mota, a kulle.

Na murɗa sabuwar waya na haɗa, na naɗe ta. Da magariba maigidana ya sa abin ji, kiɗa ya fito tangararau. Amma bai yi murna ba. Ya cire abin daga kunnensa ya ce, "Mu nawa ne muke taɓa mabuɗin akwatin kayan aikin nan?" Na ce, "Kai, da ni, da Barau, domin a nan yake ajiye risho idan muna tafiya." Ya daɗe yana kallona. Na san abin da yake aunawa, ban kuwa ga laifinsa ba: ni ne na san inda wayar ta bi, ni ne mai riƙe filaya kullum. Ranar nan a barikinmu, wanda ya kawo shayi ana kallon hannunsa, wanda ya karɓa ana kallon fuskarsa.

Abu na huɗu. Jiya da hantsi ina wanke motar, Barau ya zo ya tsuguna a gefena. Ya ce, "Yaya Hussaini, an ce gobe za a yi taro." Na ce, "Haka ne." Ya ce, "In ba a samu mai laifi ba, kai za a ɗora wa?" Na ce, "Da alama." Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."

Ga abin da ya faɗa mini. Da muka bi ta Gagarawa ya shiga gaida mahaifiyarsa, Iya Talatu. Maƙwabta sun daina shiga gidanta, suna cewa ɗanta yana dafa wa mai korar hadari abinci. Ta ce masa, "Ko ka bar aikin nan, ko ka rufe bakin abin nan, in ba haka ba kada ka ƙara taka ƙofata." Ya ga na taɓa kwance kujera, ya lura. Ya ɗauka in akwatin ya yi shiru, Bature zai gaji ya jefar da shi, magana ta mutu. Da ya ga fushin maigida, tsoro ya kama shi, ya nuna wanda ya fara faɗo masa a rai. Barau yana nan, ga shi can kusa da dogari, da ƙafarsa ya zo. Maigidana ya ce zancen waya ya yafe, tun da ta gyaru. Zancen ƙarya kuwa ba nasa ba ne balle ya yafe, na Manu ne.

Amma, ranka ya daɗe, akwai abin da ya tsaya mini a rai, ba zan zauna ban faɗe shi ba. Barau ya yi ƙarya don tsoro, mun ji dalilinsa. Sauran fa? Waɗanda suka ga wuƙa a zare, waɗanda suka ga ana yanka wayar da ba a taɓa yankawa ba, su wane tsoro ya kama su? Ba Barau ya kira su ba, ya rantse mini bai ma san sunan wasunsu ba. Ni baƙo ne a garin nan, amma na tambaya, an ce mini gonakinsu duk suna kewaye da rijiyar arewa, inda shanun ruga suke sha a wannan fari. Ban ce haka ne dalili ba, domin ban shiga zuciyar kowa ba. Ina dai roƙo a kira su ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowa inda ya tsaya, da abin da idonsa ya gani. In rijiya ce maganar, a yi maganar rijiya a gaban Hakimi da Arɗo, da sunanta, ba a rataya ta a wuyan bawan Allah ba.

Roƙona na ƙarshe, a saki Manu yau, a nan, a gaban idon da ya ga an kama shi, a mayar masa da sandarsa da wuƙarsa. Da safen nan aka ba ni izini na shiga wurinsa na faɗa masa an gano gaskiya. Na zaci zai tambayi sunan wanda ya yi masa sharri. Bai tambaya ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, wa yake shayar mini da shanu? Akwai wata saniya da ta kusa haihuwa, yayata Adda ba za ta iya da ita ita kaɗai ba." Jama'a, a cikinmu duka, masu zargi da masu bincike, ba wanda ya leƙa rugar.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da adalci. Allah ya saka wa Manu da iyalinsa, ya sauki dabbarsa lafiya. Allah ya ba maigidana sauƙi, ya shiryi Barau, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Allah ya tsare harsunanmu daga shaidar abin da ba mu gani ba, ya saukar mana da ruwa mai albarka, na manomi da na makiyayi. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.